Tsakanin Kano da Damagaram: Wa Ya Tsawaita Hanyar?

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, muna roƙonku ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma, ko da irin wadda ake liƙawa a bangon aji shida na firamare ce, ku aza ɗan yatsa ɗaya a kan Kano, ɗaya kuma a kan Damagaram, wadda Faransawa suke rubutawa Zinder. Za ku ga da ƙyar ne yatsun nan biyu ba su taɓa juna ba. Kowanne daga cikin biranen yana da filin jirgin sama, da shimfiɗaɗɗiyar kwalta ta sauka da tashi, da ma'aikata masu karɓar albashi duk ƙarshen wata. Tazarar da ke tsakanin filayen biyu, idan aka miƙe sambal ta sama yadda shamuwa take yi, kimanin kilomita 200 ce. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye ta cikin minti 40, watau kafin malamin da ya shiga laccar ƙarfe takwas ya gama abin da ya zo faɗa.

To, amma babu jirgin fasinja ko ɗaya da yake da ranar tashi daga Kano zuwa Damagaram. Mu ba a littafi muka karanta wannan ba. Kwanan baya mun shiga wani ofishin sayar da tikiti a Kano saboda wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikinmu, wanda ciwon baya ya hana shi doguwar zama a mota, ga shi kuwa za a ɗaura auren jikarsa a Damagaram. Akawun ya dube mu kamar mun ce ya yanka mana tikitin zuwa duniyar wata. Da ya ga ba wasa muke yi ba, sai ya danna kwamfutarsa, ya jero mana hanya: daga Kano sai birnin Ikko, daga Ikko sai Lome ta ƙasar Togo, daga Lome sai Yamai, daga Yamai kuma, in an yi sa'a akwai jirgin cikin gida a makon, sai Damagaram. Muka koma ɗaki muka yi lissafi. Kano zuwa Ikko ya haura kilomita 800. Ikko zuwa Lome kimanin 230. Lome zuwa Yamai ya sake haura 800. Yamai zuwa Damagaram kimanin 740. Jimla, kilomita 2,600 da 'yan kai: ninki goma sha uku na ainihin tazarar, ƙasashe uku, jirage huɗu, da kwana a hanya. Ko a lokutan da aka taɓa samun jirgi daga Kano zuwa Yamai kai tsaye, matafiyi sai ya yi kilomita 700 yana fuskantar yamma, sa'an nan ya juyo ya yi 740 yana fuskantar gabas, domin ya sauka a garin da tun farko yake arewa da ƙofar gidansa.

Tambayarmu ɗaya ce: wa ya ƙara wa hanyar nan kilomita 2,400? Ba Allah ba ne, don Shi Ya shimfiɗa ƙasar nan sarari fetal, babu teku, babu wani dogon dutse. Mutane ne suka ƙara, a ofisoshi, da alƙalami.

Kakanninmu ba su san wannan nisa ba. Shekaru aru-aru ayarin fatake yana tashi daga Kano da turkuɗi da jan fata da goro, ya yada zango a Damagaram, ya wuce Agadas, ya ratsa hamada ta Gat da Gadamus har Tarabulus. A lissafin zango-zango na masu jakai da raƙuma, Kano zuwa Damagaram ba ta wuce kwana goma ba, kuma ba wanda yake tambayar madugu fasfo. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma zauna a Damagaram a ƙarshen 1852, ya tarar da biranen biyu a ɗinke da zare ɗaya na ciniki. Ba mu ce zamanin nan zaman lafiya ne zalla ba. A zamanin Sarki Alu, dab da zuwan Turawa, rundunar Damagaram ta shigo ƙasar Kano da yaƙi. Amma ai ko faɗa ma sai da maƙwabci. Ba a kai hari inda ƙafa ba ta isa.

Sai Turawa suka zauna a Landan da Faris suka ja layi. A 1890 suka ce iyaka ta tashi daga Sayi a bakin kogin Kwara ta miƙe zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake zane. Faransawa suka koka cewa an bar su da rairayi, babu rijiyoyin da ayarinsu zai sha tsakanin Kwara da Damagaram, saboda haka aka sake gyara a 1904 da 1906. Ku lura da kyau: sau uku ana motsa layin nan, kuma ko sau ɗaya ba a motsa shi don Bahaushen Daura ko na Matamaye ba, ƙishirwar sojan Faransa ce ta motsa shi. Faransa ta kama Damagaram a 1899, Ingila ta kama Kano a 1903. Daga ranar nan kowanne daga cikin biranen biyu aka kama shi a wuya aka juya fuskarsa, aka ce ya daina kallon ɗan'uwansa, ya kalli bakin teku.

Yadda aka yi juyin nan shi ne darasin da muke so a riƙe, domin shi ne har yau ake maimaita mana a sararin sama. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga kudu ya zo. Ba a shimfiɗa shi don Bakano ya ziyarci Basakkwace ko Babarbare ba. An shimfiɗa shi don gyaɗa da auduga da kirgi su gangara Ikko a loda su a jirgin ruwa. A can ƙetaren layi kuma, Damagaram ta zama hedkwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911, amma a 1926 aka ɗauke hedkwatar aka kai Yamai, can ƙuryar yamma. Cikin dalilan da masana tarihi suke kawowa akwai ƙarancin ruwa, akwai kuma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. Duk da haka gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta ci gaba da bin hanyarta ta hankali, watau ta Kano. Wannan ya tsone wa Faransawa ido, har a shekarun 1950 suka ƙirƙiro wani shiri da suka laƙaba wa sunan tsuntsuwar nan tsattsewa, inda suke biyan tallafi don a ɗauki gyaɗar a mota a yi doguwar kewaya da ita zuwa Paraku a ƙasar Dahome, sa'an nan jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Ashe kewayen da akawun tikiti ya jero mana ba sabon abu ba ne. Hanyar da aka tilasta wa buhun gyaɗa shekaru saba'in da suka wuce, ita ce ake tilasta wa ɗan Adam, sai dai an canja Kwatano da Lome.

Abin takaici shi ne, Kano ba baƙuwa ba ce a harkar jirgin sama. A nan jirgi ya fara sauka a birni a ƙasar nan da ake ta tunawa da shi: a watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan, suka sauka Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. A shekarun da jirage ba su iya dogon zango ba tare da shan mai ba, Kano ce mashayar masu ƙetare Sahara, kuma kamfanin KLM na ƙasar Holan ya yi ta sauka a nan tun daga shekarun 1940 har 2012. Watau akwai lokacin da Bakano zai iya karya kumallo a Fagge ya kwana a Amsterdam, alhali ba shi da jirgin da zai kai shi ɗaurin aure a Damagaram. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali don wa aka yi filin.

Za a ce ai wannan laifin Turawa ne, kuma Turawa sun tafi. Haka ne, sun tafi tun 1960. Me muka yi da shekaru sittin da ɗoriya? Nijeriya ta kafa Nigeria Airways a 1958. Nijar ta shiga cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique a 1961. Kowanne ya gaji taswirar ubangidansa ya rungume: na farko idonsa na kan Ikko da Landan, na biyu idonsa na kan Abijan da Faris. Air Afrique ya durƙushe a 2002 da bashi har wuya. Nigeria Airways, wanda a ganiyarsa ya mallaki jirage kusan 30, ya daina tashi a 2003, bayan an yi masa cin kare-dangi, ya bar tsofaffin ma'aikatansa suna yawon neman fansho shekara da shekaru. Da aka tashi neman magajinsa kuwa, sai aka tafi bajekolin jirage na Farnborough a Ingila a 2018 aka buɗe tambarin wani kamfani mai suna Nigeria Air. A watan Mayu na 2023 aka sauke jirgi ɗaya a Abuja an shafa masa fentin kamfanin, aka ɗauki hotuna, daga baya ta bayyana cewa jirgin na kamfanin Habasha ne, ya kuma koma inda ya fito. Kamfanin da aka raɗa wa suna a ƙasar Ingila, ina zai tuna da Damagaram?

Yanzu bari mu zo kan iyayenmu gwamnoni, domin a nan ne maganar take da ɗaci. Babu abin da gwamna yake so kamar filin jirgin sama. Dutse ta sami nata, Birnin Kebbi ta sami nata, Bauchi ta sami sabo, dukansu wajejen 2014. An buɗe na ɗaukar kaya a Damaturu a 2023. Daga filin Kano zuwa na Dutse bai kai kilomita 100 ba. Daga na Sakkwato zuwa na Birnin Kebbi kimanin 100 ne. Daga na Katsina zuwa na Maraɗi kimanin 80. Mun cika ƙasar Hausa da filaye kamar ramukan dara, amma mun manta da 'ya'yan daran. Kowane fili, idan ka tambayi inda jirginsa yake zuwa, amsar ɗaya ce: Abuja, ko Ikko. A wancan gefe kuma amsar ita ce Yamai. Wasu filayen ma ba su farkawa sosai sai lokacin jigilar alhazai, ko ranar da wani babba yake aurar da 'ya, sa'ad da ƙananan jiragen attajirai suke cika wurin kamar fara. Ita kanta hukumar tarayya mai kula da filayen ta sha faɗa cewa ƙalilan ne daga cikinsu suke iya ɗaukar nauyin kansu. Sauran fa, wa yake ciyar da su? Manomin da bai taɓa ganin cikin jirgi ba, da malamin firamare da ake bin albashinsa, da ɗalibin da aka ƙara wa kuɗin rajista.

Mu a ganinmu, filin da ba ya haɗa ka da maƙwabcinka ba hanya ba ne, ƙofar baya ce ta gidan gwamnati. An gina shi ne don mai girma ya isa taron Abuja a kan lokaci ba tare da ya ga ramukan titin jiharsa ba.

Kada a ce kuma ba a rattaba hannu a kan takardu ba. Kai, in takarda tana tashi sama, da Afirka ta fi kowa jirage! An kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar a 1971, mai ofishi a Yamai. An kafa ECOWAS a Ikko a 1975, aka yi yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba a 1979. Ministocin sufurin sama na Afirka sun taru a Yamusukuro a 1988 sun yi sanarwa, sun sake komawa can a 1999 sun yanke shawarar buɗe sararin samaniyar nahiyar ga kamfanonin nahiyar. A watan Janairu na 2018 aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa, kuma Nijeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashe 23 na farko. A watan Yuli na 2019, a cikin birnin Yamai, wanda aka sabunta filin jirginsa domin taron, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka. Bayan wata ɗaya tak, a watan Agusta, ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Nahiyar da take da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, rabonta a zirga-zirgar jiragen sama bai wuce kashi 2 da ɗan wani abu ba. Ga sakamakon taro da shan shayi.

Sa'an nan aka zo 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya take ba Nijar, aka dakatar da jirage, Nijar ita ma ta rufe samaniyarta. Ba mu zo nan don mu yi wa sojan da ya hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati kirari ba, kuma ba mu zo don mu wanke shugabannin da suka hukunta talaka saboda laifin janar ba. Abin da muka gani da idonmu shi ne motocin kaya jere a Kwangwalam da Jibiya da Illela, albasa tana ruɓewa, marasa lafiya da suka saba zuwa asibitocin Kano suna bin hanyar daji a kan babur. An janye takunkumin a watan Fabrairu na 2024, an buɗe iyaka a watan Maris, amma Nijar ta riga ta sanar da ficewarta daga ECOWAS, ficewar kuma ta tabbata a Janairun 2025. A watan Disamba na 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a rage haraji da kuɗaɗen da ake ɗora wa tikitin jirgi a yankin daga farkon 2026. Madalla. Sai dai an kawo maganin ne bayan Damagaram ta fita daga ɗakin.

Mun san abin da wasu 'yan'uwanmu masu ra'ayin talakawa za su ce, don sun riga sun faɗa mana a ɗakin cin abinci: jirgin sama abin 'yan jari-hujja ne, mujallar ɗalibai ba ta da hurumin yi wa alhazan Kantin Kwari kuka, a gyara titi kawai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu kauce mata ba. Hanyar mota daga Kano ta Kazaure da Daura da Matamaye ba ta kai kilomita 300 ba. In da titin lafiyayye ne, in da kuma babu shingen masu kaki a kowace kwana suna miƙo hannu, tafiyar awa huɗu ce. Mafi yawan mutanenmu ta nan za su ci gaba da bi, kuma in aka ce mu zaɓa tsakanin titi da jirgi, titi za mu zaɓa ba tare da shawara ba. Haka kuma muna maraba da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, don shi ne dogo na farko a tarihinmu da ya fuskanci ɗan'uwa maimakon teku.

Amma, 'yan'uwa, ba a ba mu zaɓin ba. An riga an kashe kuɗin. Filayen suna nan a gine, da dukiyar talakan nan da kuke karewa. Wanda ya ce a kawar da kai daga batun jirgi don na masu kuɗi ne, ya sallama wa masu kuɗi filayen ke nan har abada. Ban da haka, ba dukan hanyoyinmu ne suke kamar ta Daura ba. Daga filin Maiduguri zuwa na Njamena kimanin kilomita 215 ne, amma titin da ya bi ta Dikwa da Gamboru ya shafe shekaru yana hannun tsoro saboda Boko Haram. Daga Sakkwato zuwa Yamai bai kai 350 ba ta sama. A irin waɗannan wurare jirgi shi ne bambanci tsakanin isa da rashin isa. Kuma ba attajiri kaɗai yake tafiya ba. Likita yana tafiya, jinin da za a ƙara wa mai haihuwa yana tafiya, malamin Jami'ar Bayero da ya kamata ya je duba jarrabawa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram yana tafiya, injiniyan da zai gyara na'ura a matatar man da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 yana tafiya. Ga wani abin kunya: Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafe shekaru tana da ƙananan jirage masu zagaya Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas da Difa don ma'aikatan agaji. Baƙon da ya zo raba mana tsaba ya gane cewa garuruwanmu suna bukatar a haɗa su, mu masu gida ba mu gane ba.

Sai hujja ta biyu, wadda manyan sakatarori suka fi so: wai babu fasinja, babu riba. Yaya aka yi suka sani? Wa ya taɓa ƙirga mutanen da suke ƙetarawa Kwangwalam ranar kasuwar Mai'aduwa? Ba a auna yawan masu son ƙetare kogi da yawan masu iyo. Gaskiya ne gajeren zango yana da tsada a jirgi, domin a tashi da hawa sama ne ake ƙona mai da yawa, kuma kuɗin sauka ɗaya ne ko daga ina ka fito. Amma rabin tsadar nan mu muka ƙera ta. Kamfanoninmu sun fi son manyan jirage irin Boeing 737 masu kujeru fiye da ɗari, waɗanda ba su dace da tafiyar minti 40 ba, alhali akwai masu farfela irin ATR da suke ɗaukar mutum 50 zuwa 70, akwai ma ƙanana irin Cessna Caravan masu ɗaukar mutum goma sha biyu ko kusa da haka. Bugu da ƙari, da zarar jirgi ya ƙetare layin 1906, sai a kira tafiyar ta ƙasa da ƙasa, a ɗora wa fasinja kuɗaɗen fili da ake lissafawa da dala, ban da kashi 5 cikin 100 da hukumar sufurin sama take yanka a kan kowane tikiti. Mai zuwa gaisuwar mutuwa a Damagaram sai a tatse shi kusan kamar mai zuwa sayayya Dubai. Daga nan sai a juyo a ce ba ya son hawa jirgi.

Ƙasashen da muke kwaikwayo a komai ba haka suke yi ba. Amurka, uwar jari-hujja, tun 1978 take biyan kamfanoni tallafi don su ci gaba da sauka a ƙananan garuruwan da ba riba. Indiya ta fito da irin wannan shiri a 2016, ta ƙayyade farashin wasu kujeru, ta kuma farfaɗo da filayen da ciyawa ta cinye. Habasha, wadda ba ta fi mu arziki ba, kamfaninta da ya fara tashi a 1946 yana sauka a garuruwan cikin gida fiye da ashirin da jirage masu farfela. Ba sihiri suka yi ba. Sun ɗauki hanya a matsayin hakkin jama'a, kamar rijiya da makaranta.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mu nemi a kafa wani sabon kamfani mai tambari da liyafa ba. Kada a sake aza tubalin wani sabon filin jirgi a arewacin ƙasar nan sai an nuna wa majalisar jiha, a rubuce, garuruwan maƙwabta da zai haɗa. Gwamnatocin Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato su haɗa kaɗan daga abin da suke kashewa wajen hayar jiragen alfarma, su yi gwanjon hanya ɗaya mai zagaye, daga Kano zuwa Damagaram zuwa Maraɗi zuwa Katsina ko Sakkwato, sau biyu ko uku a mako, a ba kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta, a gwada shekara biyu, a buga lissafin kowa ya gani. In ta gaza, mun yarda a rufe mana baki da alƙaluma. A yafe kuɗaɗen dala ga duk tafiyar da ba ta kai kilomita 400 ba. A ajiye jami'in kwastan da na shige da fice a ranakun da jirgin zai sauka. Ficewar Nijar daga ECOWAS ba hujja ba ce, domin yarjejeniyar sufurin sama tsakanin ƙasa da ƙasa ake ƙulla ta, ita ce take ambata biranen da aka yarda a sauka, kuma Hukumar Haɗin Gwiwar nan ta 1971 ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. Ƙara sunan gari ɗaya a takarda ba ya bukatar taron ƙoli.

Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun ayyuka da sufuri da tsare-tsare, da ku muke. Mun san ba ku ne kuke yanke shawara ba, amma ku ne kuke rubuta takardar farko da ake ɗora shawarar a kanta. Gobe fayil zai zo teburinku da taken sabon filin jirgi na ƙasa da ƙasa a garin mai girma. Kafin ku rubuta cewa aikin zai jawo masu zuba jari, kamar yadda wanda ya riga ku zama a kujerar ya rubuta, ku ɗauko ma'auni ku auna tazarar da ke tsakaninsa da fili mafi kusa, ku rubuta adadin a sakin layi na farko, ku tambaya jirgi nawa ne ya sauka a wancan filin a watan jiya. Wataƙila a mayar muku da fayil ɗin da jan alƙalami. Ku sake rubutawa. Mu ma nan da shekara biyu ko uku muna nan tafe mu zauna kusa da ku, kuma muna so ku ajiye wannan fitowa ta mujallar don ku tuna mana in mun fara mantuwa.

Shi kuwa dattijon nan, a kujerar baya ta wata tsohuwar mota muka shimfiɗa masa katifa, muka tallafe bayansa da matasai. Mun bar gida bayan sallar asuba. Muna kan Titin Katsina wani jirgi ya taso daga filin Malam Aminu Kano, ya yi kwana a kanmu, ya nufi kudu. Mun isa Damagaram bayan la'asar, an riga an shafa fatiha.